Numfashin Baba Zarto

"Kar ka taɓa gashin bakin nan," in ji Baba Zarto. "Shi kaɗai ya rage a jikina da bai rame ba."

Na ce masa ya yi shiru in ba so yake in yanke shi ba. Ina durƙushe a gefen gadonsa da aska a hannu, 'yarsa Auta kuma ta tokare masa baya da matashi biyu, domin in ya kwanta sosai numfashi ba ya zuwa. Ranar Talata ce da hantsi. Shekara ashirin da ɗaya ina yi masa aski, ban taɓa yi masa a kan gado ba sai ranar. Kumatun sun zurma, sai da na sa yatsa na miƙe fatar kafin askar ta samu wurin bi.

"Gobe Laraba," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Ka gaya musu su zo. Ba sai sun shigo ba, ɗakin ba zai ɗauke su ba. Su tsaya nan ƙasan taga su yi mini Waƙar Kwalekwale. Sau ɗaya kawai." Ya tsaya ya nemi iska, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. "Zan sa baki. A ɗakina nake, ba wanda zai hana ni."

Auta ta dube ni ta saman kansa. "Kawu, ka dai ji. Tun da muka dawo daga asibiti ba shi da wata magana sai wannan."

Na ce an gama. Na goge askar a tawul, na ce ai wannan ba wani abu ba ne, daga makarantar da muke waƙa zuwa nan tafiyar minti goma ce. Da bakina na faɗi haka.

Shagona na aski da shagonsa na kafinta bango ɗaya ya raba su, kuma a saman benen ma ɗakinsa yana jikin namu. Duk tarin da ya yi a rayuwarsa na ji shi. Shi ya ja ni cikin ƙungiyar waƙa ta unguwa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A lokacin matarsa ta rasu, ƙirjinsa kuma ya fara toshewa saboda garin katakon da ya shaƙa tun yana saurayi. Wata nas a asibiti ta ce masa ya nemi abin da zai riƙa sa shi jan numfashi har ƙasa. Sai ya ji labarin wata malamar makaranta da ta yi ritaya tana tara mutane a ɗakin taron firamare duk Laraba da ƙarfe biyar, suna waƙa. Kunyar zuwa shi kaɗai yake ji, sai ya ce in raka shi sau ɗaya.

Na tafi ne don in samu abin ba abokan cinikina dariya, ga shi har yau ban daina zuwa ba. Mu wajen talatin ne: direbobi, mata masu shago a kasuwa, masu shara a asibiti, da wani akawu da bai taɓa murmushi ba sai in yana waƙa. Ba gwani ko ɗaya a cikinmu. Amma abin ya yi mana amfani, wannan ba zan ɓoye ba. Baba Zarto da yake tsayawa sau biyu a matattakalar benenmu yana haki, cikin shekara guda ya fara hayewa ba tsayawa, har yana zolayata da tumbina. Ya koma cin abinci. Ni ma matata ta ce ranar Laraba ce kaɗai nake shigowa gida ban nemi wanda zan yi wa faɗa ba.

Sai dai muryarsa, Allah ya jiƙansa, ba ta da daɗi. Mutane suna ɗauka don sana'arsa ake ce masa Zarto, amma a ɗakin waƙa ya samu sunan. In ya buɗe baki sai ka rantse ɗanyen katako ake yankawa. Tsohuwar Malama, wato wadda ta tara mu, ba ta taɓa ce masa komai ba. Ta dai tsayar da shi a layin baya, kafaɗa da kafaɗa da ni, saboda tawa muryar mai kauri ce, tana rufe tasa. Mu huɗu ne masu kaurin murya: Direba da Akawu a wancan gefe, ni da shi a wannan.

Ita ta koya mana abin da take kira numfashin karɓa-karɓa. A ƙarshen Waƙar Kwalekwale akwai kalma ɗaya da ake ja har a ƙirga ashirin. Ba mai ƙirjin da zai kai. Saboda haka kowa yana da abokin karɓa: in ka ja numfashi, shi ya riƙe muryar, in shi ya ja, kai ka riƙe, mai sauraro ba zai ji inda aka yanke ba. Baba Zarto yana ja a shida da kuma sha huɗu. Ni sau ɗaya nake ja, a tara. Shekara goma muna haka ba mu taɓa karo ba. Shi ne kuma ya ƙera mana dandamali mai hawa uku da muke tsayawa a kai, da katakonsa da ƙusoshinsa, ya ce yana so na baya ma a riƙa ganin fuskarsu.

Da Tsohuwar Malama ta koma wurin ɗanta a wani gari, sai aka kawo mana wani matashi da ya karanta waƙa a makaranta. 'Yar siririyar sanda yake kaɗa mana, shi ya sa muke ce masa Mai Sanda. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya san aikinsa. A hannunsa muka fara jin kanmu kamar mawaƙan gaske, kuma abin ya shiga mana kai. Da ya rubuta sunanmu a gasar ƙungiyoyin waƙa ta birni, har sabuwar farar riga kowa ya ɗinka.

Wata bakwai kafin rasuwarsa, wata Laraba, ya tsayar da mu a tsakiyar waƙa.

"Akwai wanda yake kauce hanya a layin baya," ya ce. "Ku huɗun nan, ku yi ku kaɗai."

Muka fara. Ya hau dandamalin yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, ya karkatar da kunne. Ya wuce Direba, ya wuce Akawu, ya zo gabana ya tsaya. Na ga ya ɗaure fuska, na gane ni yake zargi. Ni, da duk unguwa ta san muryata, a tsame ni a gaban matan kasuwa? Sai na rufe bakina. Ba daɗewa na yi ba, ɗan abin da bai fi ƙirga uku ba. Muryar Baba Zarto ta fito fili tsirara, ba abin da ya rufe ta. Wata daga layin gaba ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi maza ta toshe baki.

Mai Sanda ya sassauta murya, yana da ladabi. "Baba, ba korar ka zan yi ba. Muna son ka a layi, dattijo yana ƙawata taro. Amma daga yau ka riƙa motsa baki kawai. Zuwa bayan gasa."

"To," in ji Baba Zarto.

Muka kama hanyar gida har muka iso gindin bene. Can ya ce, "Yau ka ja numfashi a inda ba wurinsa ba."

Na ce tari ne ya taso mini.

"Allah ya sawwaƙe," ya ce, ya kama ƙarfen matattakala ya fara hawa.

Bai sake tayar da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Wata bakwai yana zuwa duk Laraba, ya hau dandamalin da ya ƙera, ya tsaya kusa da ni yana buɗe baki yana rufewa. Likita ya ce garin katakon shekara arba'in ne ya cinye masa huhu, kuma ni mai aski ne, ba zan yi gardama da likita ba. Abin da na gani da idona dai shi ne, ya koma tsayawa a matattakala. Da farko sau ɗaya, sannan sau biyu, sannan ya fara zama. Alhamis ɗin da ta gabaci ranar da na yi masa aski a gado ya faɗi a shagonsa, muka kwashe shi zuwa asibiti. Kwana uku suka riƙe shi, suka ce a mai da shi gida a riƙa yi masa abin da yake so.

Larabar da zan kai saƙonsa, ita ce ta farko da na tsaya a layin baya gefena ba kowa. Saura kwana uku gasa. Muka yi Waƙar Kwalekwale, muka kai jan ƙarshe, sai Mai Sanda ya buga sandarsa a tebur.

"Mai Aski, akwai rami a gefenka. A tara. Da babu shi."

Muka sake, ramin yana nan. Na rasa gane kansa. Wata bakwai ba ni da abokin karɓa, kuma ba a taɓa jin komai ba, na ɗauka na ƙware ne a satar numfashi. Mai Sanda ya ce in riƙa ja da sauri, zai sa layin tsakiya su ɗan ƙara ƙarfi.

Da aka ba da hutu na ɗaga hannu. Baba Zarto cewa ya yi in gaya musu su zo. Ni kuma da na tashi faɗa sai na yi wa maganar ado: wai yana gaisuwa, wai yana sha'awar in da hali, in ba takura, a je a ɗan yi masa waƙa.

Uwar Biyu, mai sayar da yadi, ta miƙe nan take tana gyara ɗankwali. "To me muke jira? Mu je yanzu mana. Ai nan da nan ne."

"Zuwa da dawowa da waƙar, awa ɗaya ta tafi," in ji Mai Sanda. "Yau ce ta ƙarshe. Gobe da jibi na ce kowa ya huta da muryarsa, kuma bakin titi akwai hayaƙin motoci." Ya juyo wurina. "Kai ne maƙwabcinsa. Jikin ya yi tsanani ne? In muka bari sai Lahadi, mu je masa da kofin gasa a hannu, ba zai fi jin daɗi ba? Zai kai Lahadi?"

Mutum talatin suka zuba mini ido. Ni ne na ji fatar nan a ƙarƙashin askata jiya-jiya. Na san abin da yatsuna suka gaya mini. Amma ina son kofin nan, wallahi ina son sa, kuma raina ya ɓaci da maganar ramin da aka yi mini a gaban jama'a.

"Zai kai, in Allah ya yarda," na ce.

Uwar Biyu ta daɗe tana kallona kafin ta zauna.

Ranar Alhamis ban shiga ɗakinsa ba. Na ce wa kaina aiki ne ya yi yawa, alhali kai huɗu na aske duk wunin. Sai ranar Juma'a da rana na yi ta maza na ƙwanƙwasa. Auta ta buɗe, idonta ya yi ja. Ta ɗauki hutu a kamfanin da take aiki, sati guda ba ta runtsa kirki ba. Ɗakin yana warin man zafi da magani. Akwatin kayan aikinsa yana ƙarƙashin gado, da faffaɗan fensirinsa a kan murfi.

"Shekaranjiya ya sa na buɗe taga tun ƙarfe huɗu," ta ce a hankali. "Har rana ta faɗi."

Na zauna a bakin gadon. Na ce masa kowa yana gaishe shi, kuma za su zo ranar Lahadi, su duka, da fararen riguna.

"Lahadi," ya ce. Ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa, kamar mai auna katako. "Da ɗan nisa." Ya huta. "Auta, ki goge mini tawa rigar. In sun zo ki buɗe taga."

"To, Baba."

Ya juyo da ido wurina. "Kai yi mini. Kai kaɗai."

"Baba, ai namu layin ba waƙa ba ce in babu sauran. Gurnani ne kawai."

"Na sani. Shekara goma ina cikinsa."

Na yi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ƙato da ni zaune a bakin gadon mara lafiya ina gurnani, motoci suna wucewa a ƙasa. Ya rufe ido, leɓensa yana bi, ba sauti. Na ɗauka ƙarfin ne babu. Na kai kalmar ƙarshe na fara ja, ina ƙirgawa a zuci. Shida. Bakwai. Takwas. A tara na ja numfashi.

Sai muryar nan ta fito daga kan matashi, a shaƙe, da kaushinta, ta riƙe kalmar daidai inda na sake ta. Ƙirga biyu ta yi. Ina dawowa ta ɗauke, tsaf, ba ragi ba ƙari. Wannan ba abin da mutum zai yi a karon farko ba ne. Abin da aka saba ne.

Ban iya ƙarasawa ba. Wata bakwai ke nan yana yi mini haka duk Laraba. An hana shi waƙa gaba ɗaya, ya bi doka a ko'ina, sai a ƙirga biyun nan da yake toshe mini rami don kada Mai Sanda ya ji. Lokacin da mutum yake jan iska a cikin muryoyi talatin, kunnensa a cike yake. Haka nake gaya wa kaina. Wataƙila kuma kunnen ya ji, ni ne na ƙi ji.

"Baba," na ce, "ranar nan, ba tari ba ne."

Tari ya sarƙe shi, na gaske. Auta ta ruga ta ɗago shi tana shafa masa baya. Da ya lafa sai ya ɗaga mini hannu.

"Gobe ka ja da wuri," ya ce. "A takwas. Akawu yana da ƙarfi a takwas." Ya lumshe ido. "Kuma ku duba ƙafar dandamalin ta hagu in kun sauke daga mota. Tana son a ɗan ɗaure ta."

Abin da ya ce mini ke nan na ƙarshe.

Ranar Asabar da safe aka loda dandamalin a bayan wata mota, mu kuma muka shiga bas. A ƙofar zauren gasar Mai Sanda ya sa kowa ya kashe waya. Muka jira har azahar ta wuce kafin a kira mu. Na ɗaure ƙafar hagun da kaina. Na ja numfashi a takwas, ba wanda ya ji komai. Muka zo na biyu, aka ba mu wani ɗan kofi da bai kai tsawon kwalbar man gashi ba. Mata suna guɗa, Akawu yana dariya har da hawaye, ni ma na yi tsalle, ba zan ce ban yi ba.

A cikin bas na kunna waya. Kira goma sha ɗaya daga Auta. Na farkon ƙarfe sha ɗaya saura, lokacin muna zaune a layi muna shan ruwan ɗumi don kare maƙogwaro. Kafin mu iso unguwa an riga an kai shi makwancinsa. Mahauci da mai gyaran takalmi da wasu almajiransa na da su suka ɗauke shi. A cikinmu, mu da muka yi shekara goma sha ɗaya muna tsayawa a kan katakonsa, ba ko ɗaya.

Ranar Lahadi da ƙarfe biyar suka zo, kamar yadda aka yi alkawari. Fararen riguna sun cika bakin titi. Mai Sanda yana riƙe da kofin, ya rasa inda zai sa shi, sai ya ɓoye shi a bayansa. Auta ta sauko ta tsaya a gindin bene. Ya fara yi mata ta'aziyya, yana cewa Baba ginshiƙi ne a ƙungiyarmu, ba za a taɓa maye gurbinsa ba.

"Ranar Laraba yana da kunne," ta ce.

Uwar Biyu ta fara kuka.

"Da mun san abin ya kai haka..." in ji Mai Sanda. Ya waiwayo yana nemana da ido.

Auta ma ta dube ni. Ban san abin da aka gaya mata ba, ban kuma tambaya ba har yau. Ba ta ce mini Kawu ba.

"Ku yi," ta ce. "Cewa ya yi in kun zo in buɗe taga. Zan buɗe."

Ta hau. Muka ji ƙarar sakata, tagar ta buɗe. Muka jeru a bakin kwata, ba dandamali, na baya ba a ganin fuskarmu. Na hau matattakalar benen da ke fuskantar tagar don in samu wurin tsayawa, daga nan kuma ina hango cikin ɗakin ta saman kawunan mutane. Mai Sanda ya ɗaga hannu, ba sanda, muka fara. Mun yi ta da kyau, wannan ne abin haushin. Ba mu taɓa yin ta da daɗi haka ba. Masu wucewa suka tsaya, wani mai babur ya kashe injinsa.

Da muka kai kalmar ƙarshe ban ja a takwas ba. Na bari sai tara. Na sake muryar, na ja iska, ba wanda ya karɓa.

Ta tagar ina ganin gadon, an naɗe katifar an ɗora matashin nan biyu a kai. Farar rigar tana rataye a ƙusa, da karin guga a hannayenta, iska tana ɗan motsa ta.